Kwanturola da Kwali Arba'in na Man Tausa

Shekara tara ya yi yana buga fotokwafi a wani ɗan shago da ke daura da ƙofar ofishin kwastan, kuma a cikin shekarun nan tara bai taɓa wuce teburin mai gadi ba. Amma in ka ji shi yana zuba a bakin layi bayan la'asar, sai ka rantse shi ke buɗe tashar da safe ya rufe ta da yamma.

"Duk takardar da za ta shiga ofishin can, sai ta bi ta hannuna," haka yake cewa yana bugun ƙirji. Bai kuwa yi ƙarya ba. Ta hannunsa take bi: ya kifa ta a kan gilashin inji, ya danna, ya miƙa wa mai ita.

Tela, wanda shagonsa ke jikin gidansu, shi ya laƙaba masa suna Kwanturola, wato babban shugaban kwastan, don tsokana. Mutumin naka ya karɓe sunan hannu bibbiyu, har ya kai in ka kira shi da sunansa na gaskiya ba ya waiwayowa.

Wata Litinin da safe yayarsa ta shigo shagon da ambulan a hannu. Ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, ta kama shago ta gyara, ta sa gadaje uku da labule, za ta buɗe wurin tausa na mata masu ciwon baya da gwiwa. Ta yi odar man tausa kwali arba'in daga waje, kayan sun iso, suna zaune a siton kwastan.

"Buga mini bibbiyu, ina sauri," ta ce.

Kwanturola bai buga ba, karantawa ya tsaya yi, yana gyaɗa kai kamar likita ya ga hoton ƙirji.

"Yaya, wa zai fitar miki da kayan nan?"

"Tsohon ejen nan mai farin gemu. Ya ce man yana layin kayan gyaran fata, harajinsa kashi ashirin cikin ɗari."

Kwanturola ya dafe kai da hannu biyu. "Kashi ashirin! Yaya, kina da ƙani a bakin ƙofar kwastan, shi ne za ki ɗauki ƙafa ki je wurin bare ya yanke ki?"

"Ina da ƙani mai fotokwafi."

"Haba Yaya. Zauna ki ji."

Ya janyo wani tulin takardu daga ƙarƙashin kanta, ya kaɗe kashin ɓera daga kai. Littafin harajin kaya ne da wani ya kawo a buga masa shekara shida da suka wuce, wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, mutumin ya tafi da littafinsa bai dawo karɓar rabin da aka buga ba. Tun daga ranar Kwanturola ke kiran tulin "kundina".

"Kin ga wannan? Kowane kaya a duniya yana da layinsa a ciki, kowane layi da kuɗinsa. Allura da layinta, jirgin sama da layinsa. Sirrin aikin duka ɗaya ne: ka san layin da za ka kwantar da kayanka. Man nan naki, me yake yi wa mai ciwon baya?"

"Yana ɗumama wurin, hannu ya ji daɗin murzawa."

"Ta tashi ta ji sauƙi?"

"Da yardar Allah."

"To magani ne! Magani kuwa harajinsa ɗan mitsitsi ne. Gobe war haka kayanki na shagonki."

Yaya ta dube shi ta daɗe. Ita ta goya shi, ita ta kai shi makaranta, kuma har gobe tana fatan ranar da za a ce wannan ƙanin nata ya yi abin kirki guda ɗaya da za ta ba da labari. Ya karanci fuskarta, ya kwantar da murya.

"Sau ɗaya dai, Yaya. Ki yarda da ni sau ɗaya."

Ta yi ajiyar zuciya, ta sa hannu a takardar da ta ce shi ne wakilinta. "Asabar nake buɗewa. Mata goma sha biyu sun riga sun rubuta suna, har da surukata. Kowace rana kuma da kayan suka ƙara a sito, kuɗin ajiya ne. In Asabar ta yi babu man nan, kai zan tsayar a ƙofa ka yi musu bayani ɗaya bayan ɗaya."

"Asabar? Yaya, kin raina ni."

Da yamma ya kai wa Tela wata tsohuwar kwat ɗinsa ruwan ƙasa.

"Ka ƙara mata aljihu biyu, ka yi mata 'yan kunnuwa a kafaɗa."

"Anini nawa zan ɗora maka, ranka ya daɗe?"

"Ka bar wasa. Shiga ofishi sai da shiga ta kamala."

"Me za ka je yi a ciki? Takarda ta maƙale musu a inji?"

"Gobe za ka ga mota ta tsaya a layin nan da kwali arba'in. Ka tanadi bakin magana."

Tela ya ɗinka kunnuwan, sannan don mugunta ya ɗora wa kowace kafaɗa maɓalli biyu masu ƙyalli. Kwanturola ya duba madubi, ya ga abin ya yi masa, bai ce a cire ba.

Talata da safe ya ɗauki Direba, wani maƙwabcinsu mai ƙaramar motar ɗaukar kaya. Direba mutum ne mai zuciya ɗaya, shi kaɗai a unguwar ya yarda da gaske cewa Kwanturola wani babba ne a kwastan, fotokwafin rufin asiri ne kawai. Kwanturola ya bar shi a waje ya ce ya juya motar, kada a ɓata lokaci wurin lodi.

Ciki wani dogon ɗaki ne mai tebura a jere, da benci na masu jira, da wata fanka mai tsayuwa a lungu tana kukan ƙii-ƙii duk lokacin da ta juya wuya. Aka nuna masa teburin mai tantance kaya. Wata mace ce mai matsakaitan shekaru, da tabarau rataye da sarƙa, da kofin shayi a gefe. Ta karɓi takardunsa ta karanta a hankali.

"Malam, ka rubuta magani."

"Haka ne, ranki ya daɗe."

"Maganin me?"

Nan fa aka taɓo inda ke masa ƙaiƙayi. "Ciwon baya, ciwon gwiwa, sanyin ƙashi, amosani, ciwon kai na ɓari ɗaya, hawan jini in an shafa a ƙeya, sanƙo..."

Tana ta rubutawa. Ganin haka ya ƙara da basir da mantuwa.

"Tara ke nan," ta ce. "Ina takardar rajista daga hukumar magunguna?"

"Wace?"

"Wadda ta tabbatar yana warkar da cutukan nan tara. Da sakamakon gwaji. Da lasisin mai shigo da magani."

"Ai... sanƙon ba dole ba ne. A cire shi."

"Saura takwas." Ta sa aka kawo gwangwani ɗaya daga cikin kayan, ta juya bayansa, ta sa ɗan yatsa a kan wasu ƙananan haruffa. "Masu yin sa da kansu sun rubuta a nan cewa ba magani ba ne, ba ya warkar da kowace cuta. Kai ka fi su sani?"

"Tawali'u ne irin na masu kamfani, ranki ya daɗe."

Daidai nan Direba, da rana ta ishe shi a waje, ya leƙo ta ƙofa ya ɗaga murya iya ƙarfinsa: "Kwanturola! Kwanturola, in shigo da motar?"

Ɗakin ya yi tsit. Ƙananan jami'ai uku suka miƙe zumbur. Ɗaya ya tura kwanon abincinsa cikin aljihun tebur da cokalin a ciki, ɗaya ya ƙame ya sara wa ƙofa, na ukun ya hango maɓallai masu ƙyalli a kafaɗar mutumin naka, ya sara masa. Kwanturola kuma, da bai san abin yi ba, ya rama.

Mai tantancewar ta sauke tabarau. "Malam, kai ne Kwanturola?"

"Suna ne na... na gida."

"To ka bar shi a gida. Maɓallan nan ma a cire su kafin wani ya tambaye ka inda ka samo su."

A gabanta ya tsinke su da haƙori, ya zuba a sabon aljihunsa.

Da suka koma unguwa mota wayam, Tela na zaune a bakin shago ya sa hannu a goshi yana leƙen bayan motar.

"Kai, man nan akwai tsabta. Ko ganinsa ba a yi."

"Ana nazarin takardun," in ji Kwanturola. "Manyan kaya ba a fitar da su rana ɗaya kamar buhun albasa."

"Wallahi sara masa suka yi," Direba ya shaida wa jama'a. "Da idona na gani."

Wannan shaidar ta mayar masa da ƙarfinsa. Ya buga wa Yaya waya ya ce komai na tafiya daidai, sa hannu ɗaya ya rage. Sannan ya buɗe kundinsa. Shafukan kayan gyaran fata suna cikin rabin da wuta ta ɗauke ba a buga ba, don haka bai taɓa ganinsu ba. Amma ya ci karo da layin man shafa wa injina, harajinsa kuma bai kai rabin na Yaya ba. Ya bugi cinya.

Laraba ya koma da sabuwar takarda.

"Jiya magani, yau man inji," in ji mai tantancewar. "Me ya same shi cikin dare?"

"Kuskuren mai buga takarda ne, ranki ya daɗe."

"Wa ya buga?"

Ya yi tari. "Maganar ita ce, jikin ɗan Adam ma inji ne. Gwiwa mece ce in ba mahaɗa ba? In ta bushe ta yi ƙara, a sa mata mai. Abin da ya yi wa gwiwa zai yi wa ƙarfe."

"Wane inji aka taɓa shafa wa?"

Kafin ya amsa wayar teburinta ta yi ƙara, ta ɗauka ta juya gefe. Fankar lungu ta ce ƙii. Kwanturola ya dubi fankar, ya dubi gwangwanin jiya da ke kan tebur, ya ji a ransa cewa Allah ne ya kawo masa hujja har gida. Ya lallaɓa ya kashe fankar, ya cire ragar ƙarfen da ke rufe fukafukanta, ya dumbuzo man da yatsu huɗu ya cusa a wuyanta. Da ya ga da saura a hannunsa, kuma ba ya son ɓarna, sai ya laɓta wa fukafukan su ma, kowanne da kaurinsa.

"Jama'a, ku zama shaida," ya ce, ya danna lamba ta uku.

Ƙarar ta ɗauke kam. Na daƙiƙa biyu ɗakin ya yi shiru mai daɗi, har ya buɗe baki zai yi jawabi. Sai fankar ta fara rabo. Ta juya dama ta yi wa masu benci feshi, ta juya hagu ta bi tebura ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan kasuwa mai ƙaton ciki ya sami nasa a tsakiyar goshi. Wani guntu ya faɗa cikin shayin mai tantancewa, ya ce ɗis. Sannan ƙamshin ya tashi, mai sanyi da yaji a lokaci guda, irin wanda ke shiga ido kafin ya shiga hanci.

"Idona!"

"Wa ya fasa barkonon tsohuwa?"

"A kashe! A kashe ta!"

Jami'in da ya sara masa jiya ya ruga zai zare wayar wuta, ya taka inda man ya zuba, ya wuce fankar a zaune har bango. Cikin minti ɗaya ofis ya koma tsakar fili, manya da ƙanana suna hawaye suna atishawa, masu shara suna ta buɗe tagogi.

Mai tantancewar ce ta fito ƙarshe, tana goge tabarau da gefen mayafinta. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

"Amma dai ƙarar ta daina, ranki ya daɗe," ya ce a hankali.

"Malam, saurara. Sau biyu ka sauya wa kayan nan suna. Gobe ƙarfe goma za a buɗe su a sito a gaban kowa. Abin da ka rubuta gobe shi ne na ƙarshe. In ya zama ƙarya, doka ta ba ni ikon riƙe kayan gaba ɗaya. Ka je ka tambayi wanda ya sani."

A hanyar fita ya hango tsohon ejen mai farin gemu zaune a ƙarƙashin rumfa yana shan ruwa. Taku goma ne tsakaninsu. Kwanturola ya tsaya, ya tuna gadajen Yaya uku da sabon labulenta. Har ya ɗaga ƙafa. Sai Direba ya ce daga bayansa, "Kai, Kwanturola, yau ma ka girgiza su! Gaba ɗaya ofis ya fito raka ka." Ƙafar ta sauya hanya ta nufi mota.

Da yamma ya zauna da gwangwanin da ya fito da shi daga ofis, wanda ya rage rabi, ya ɗauki hoton jerin abubuwan da aka haɗa man da su, ya sa waya ta fassara masa. Man kwakwa. Man zaitun. Na'ana'a. Ruwan barkono. Akwai wasu sunaye biyar a ƙasa da wayar ta kasa fassarawa, ya bar su da halinsu.

"Kwakwa, zaitun, na'ana'a, barkono," ya maimaita. "Wannan ai girki ne!"

Layin abinci yana cikin kundinsa, harajinsa kuma ya fi duk na baya sauƙi. Ya ji har ya tausaya wa kansa da ya ɓata kwana biyu.

Alhamis da safe ya fito ya tarar da Yaya zaune a gaban motar Direba, jakarta a cinya. Tela na baya ya shimfiɗa kwali ya zauna.

"Kai kuma ina za ka?"

"Na rufe shago," in ji Tela. "Ɗinki kullum ana yi. Irin wannan kuwa ba kullum ba."

"Ka ce yau kaya za su fito," in ji Yaya. "Na zo in ga fitowarsu."

Siton wani makeken ɗaki ne mai rufin kwano, kaya jibge har sama, 'yan dako na kai da kawowa da kurar tura kaya. Labarin fanka ya riga ya zaga, saboda haka kafin a sauke kwalayen Yaya arba'in a tsakiyar fili, ejen-ejen da 'yan kasuwa da 'yan dako sun yi da'ira. Ɗan kasuwan jiya mai ƙaton ciki yana sahun gaba, goshinsa har yanzu ja.

Mai tantancewar ta karɓi takardar, ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta karanta da ƙarfi: "Man shafa wa burodi."

Sito ya ɗauki dariya. Yaya ta juyo a hankali. "Man me?"

"Yaya, ki bar ni da su. Harka ce ta layi."

"Malam," in ji mai tantancewar, "tun da abinci ne, sai an kai ɗakin gwaji. Mako uku."

Mako uku! Asabar kuwa jibi ce. Kwanturola ya yi wuf ya ce, "Gwajin me kuma, ranki ya daɗe? Abin da muke ci kullum a gida? Ni da shi na karya yau."

"Ƙarya yake!" in ji Yaya.

"Ga burodi!" wani ɗan dako ya yi ihu, ya zaro rabin burodi daga aljihu, aka miƙo shi hannu zuwa hannu har gaba.

"Ban ce ka ci ba," in ji mai tantancewar. "Kowa ya ji, ban ce ya ci ba."

"Kada ka kuskura," in ji Yaya.

Amma idanu sun fi ɗari a kansa, ga Direba yana kallonsa da cikakken imani, ga Tela ya harɗe hannu yana murmushi. Kwanturola ya buɗe sabon gwangwani, ya lakato da yatsa, ya shafa wa burodin har gefe da gefe kamar mai talla, ya ɗaga wa jama'a su gani, ya gatsa.

Taunar farko ba ta da laifi. Har ya ɗaga babban yatsa. "Akwai daɗ..."

Sanyi ne ya fara zuwa, kamar an cusa masa ƙanƙara har cikin kunne. Bai gama mamakin sanyin ba wuta ta biyo baya. Leɓɓansa suka tafi, harshensa ya zama na wani. Hawaye suka ɓalle, hanci ya bi sahu. Ya yi ƙoƙarin ci gaba da murmushi, fuskar ta ƙi ba shi haɗin kai.

"Yaya gishirin?" in ji Tela. "Ya ji?"

"A ƙaro masa shayi!" in ji ɗan kasuwa mai jan goshi.

Yaya ba ta tsaya dariya ba. Shekara talatin ta yi a asibiti. Ta cafke ƙeyarsa da hannu ɗaya, ta ɗirka masa duka a tsakiyar baya da ɗayan. "Tofar! Tofar da shi, sakarai, kada ka haɗiye!" Burodin ya yi tsalle ya sauka a kan takalmin Direba.

Kwanturola ya ƙwace ya ruga neman ruwa. Ya hango jan bokiti rataye a bango, ya sunkuto shi ya kafa kai: yashi ne na kashe gobara. Ya watsar, ya fizge gorar ruwa daga hannun wani ɗan dako ya kurɓa, ruwan ya taɓa na'ana'ar, sanyin ya ninka, ya saki wata ƙara da ba ta cikin kowane harshe. Ya juyo da gudu, ya taka gwangwanin da ya yar, ƙafafunsa suka yi gaba suka bar shi, ya tafi da baya ya daki tulin kwalayen. Biyar suka rufto masa, ƙafafunsa kaɗai ake gani suna harbin iska.

'Yan dako suna riƙe da ciki, wani ya kwanta a kan kurarsa yana bugun ta da hannu. Direba kaɗai ya ruga ya ciro shi, yana cewa, "A ba shi iska! Ba ku san ko wane ne wannan ba!"

"Mun sani yanzu," in ji wani daga baya.

Da ƙura ta lafa, Yaya ta sa an kawo madara ta sa shi yana kurkure baki yana tofarwa, ta buɗe bakin ta duba kamar na yaro, ta tabbatar bai haɗiye komai ba. Sannan ta gyara mayafi ta je gaban mai tantancewar.

"Ranki ya daɗe, ni ce mai kayan. Laifina ne da na ba shi. Duk abin da na tara a aiki yana cikin kwalayen nan."

"Hajiya, mene ne a ciki?"

"Man tausa ne. Ana shafawa a fata a murza."

Mai tantancewar ta buɗe nata littafin, cikakke, ta sa yatsa a kan layi ba tare da ta nema ba. "Kayan gyaran fata. Tun ranar farko a nan yake zaune yana jiranku. Mu abin da kaya yake, da abin da aka yi shi dominsa, shi muke dubawa." Ta dubi Kwanturola da ke zaune a kan kwali, leɓɓa sun kumbura, yashi a gira. "Malam, kai ne wakili a takarda, sai na ji daga bakinka. Mene ne wannan?"

Ya haɗa duk ƙarfinsa. "Mam... tautha."

"Alhamdu lillahi. Yau kwana uku ina jiran kalmar nan." Ta buga hatimi. "Ba zan riƙe kayan ba, saboda ke. Amma akwai tara, da kuɗin ajiya, da wankin fanka."

Yaya ta biya. Da 'yan dako suka matso za su yi lodi, ta ɗaga musu hannu. "Ku huta. Ina da wakili." Kwali arba'in, ɗaya bayan ɗaya, Kwanturola ya ɗauka a ka ya kai mota, 'yan dako na ƙirga masa da baki ɗaya. Tsohon ejen mai farin gemu ya zo wucewa, ya tsaya ya gyara masa zaman kwali na talatin da biyu a ka, ya ce, "Sannu da aiki, abokin sana'a," ya yi gaba.

Babu wuri a gaban mota, don haka a saman kaya ya zauna. Ya gano cewa in ya zaro harshe iska na bugunsa yana samun sauƙi, saboda haka a haka suka ratsa gari, a haka suka shigo layinsu, inda rabin unguwa ke tsaye suna jira don Tela ya riga ya buga waya. Yara suka bi motar suna zaro nasu harsunan. Wata tsohuwa da ba ta ji labarin ba ta riƙe haɓa ta ce, "Allah sarki, aikin gwamnati ba sauƙi."

Asabar Yaya ta buɗe shagonta a kan lokaci. Mata goma sha biyu suka rubuta suna, talatin da ɗaya suka zo, kowacce na son ganin man da ya rufe bakin Kwanturola. Shi kuwa yana zaune a kan benci a ƙofar shagon Tela, da ƙanƙara ƙunshe a hankici ya danna a leɓe. Kwana biyu ke nan unguwa ba ta ji muryarsa ba, har mutane na zuwa yi wa Tela barka.

Tela ya gama kalmasa bakin wani wando, ya cije zare, ya dube shi da fuskar tausayi.

"Af, na manta ban gaya maka ba. Wani ɗan'uwana ya yi odar maganin ɓera daga waje. Yana neman ejen da ke ɗanɗana kaya da kansa."

Masu zama a bencin suka fashe da dariya. Kwanturola bai yi dariya ba. Ya kalli sama kamar mai lissafi, sannan ya cire ƙanƙarar daga bakinsa.

"Kwali nawa ne?"